MOTOCIN TSEREN JAPAN: WANNE NE DAGA CIKIN DAWAKAN NAN UKU?

Dukkan yabo da godiya sun tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, Wanda Ya hore wa ɗan Adam abin hawa a tudu da ruwa da sararin samaniya, Ya kuma sanya wa kowace ni'ima haddin da ba a ƙetare shi. Tsira da amincin Allah su tabbata ga cikamakin Annabawa, Annabi Muhammadu (S.A.W.), da alayensa da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya 'yan'uwa Musulmi, akwai wata fitina da ta kunno kai a tsakanin samarin wannan al'umma, musamman 'ya'yan masu hannu da shuni, wadda har yanzu mimbarorinmu ba su ba ta haƙƙinta na magana ba. Fitinar kuwa ita ce ta sayo motocin tsere ƙirar ƙasar Japan, a narka musu dukiya wajen ƙarin ƙarfin inji da ƙara da ado, sa'an nan a fito da su kan titin da bayin Allah suke bi, ana sheƙa gudu, ana juyi da su har tayoyi su yi hayaƙi, jama'a sun yi dafifi ana tafi ana shewa. Wasu na ɗaukar wannan ƙuruciya ce wadda za ta wuce da kanta. Mu kuwa muna ganin mas'ala ce da ta taɓa biyu daga cikin abubuwa biyar da Shari'a ta zo domin kare su, wato rai da dukiya. Saboda haka yin shiru a kanta ha'inci ne ga amanar ilmi.

ASALIN WAƊANNAN MOTOCI

Malaman Usulu sun karantar da mu cewa ba a yanke wa abu hukunci sai an san haƙiƙaninsa. To bari mu fara da sanin motocin.

Daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa farkon shekarun 2000 kamfanonin Japan sun shiga gasar ƙera motoci masu tsananin gudu. Nissan ya fitar da Skyline GT-R samfurin R32 a 1989, da R33 a 1995, da R34 daga 1999 zuwa 2002. Toyota ya fitar da Supra a 1993, mai injin da ake kira 2JZ, lita 3, silinda 6. Honda ya yi NSX a 1990, Mazda ya yi RX-7, Mitsubishi da Subaru kuma suka fito da Lancer Evolution da Impreza WRX a 1992. Waɗannan su ne sunayen da samarinmu suka hardace fiye da yadda wasunsu suka hardace sunayen sahabbai goma da aka yi wa bushara da Aljanna.

Ga abin da ba a gaya wa samarin. A shekarar 1970 mutum 16,765 ne suka mutu a haɗarin mota a Japan. Adadin ya sauka, sa'an nan a ƙarshen shekarun 1980 ya sake haura dubu goma a shekara. A cikin wannan hali ne masu ƙera motocin suka yi yarjejeniya a tsakaninsu, daga 1989 har zuwa 2004, cewa ƙarfin injin da suke bayyanawa ga motar cikin gida ba zai wuce ƙarfin doki 280 ba. Sun kuma sanya wa motocin da suke sayarwa a ƙasarsu wata na'ura mai hana su wuce gudun kilomita 180 a sa'a. Da Nissan ya fitar da GT-R samfurin R35 a 2007, sai ya haɗa wannan takunkumi da na'urar tauraron ɗan Adam, ta yadda ba a kwance shi sai motar ta tabbatar tana cikin filin tsere. A 2001 kuma suka shigar da tuƙin ganganci mai jawo rauni ko kisa cikin manyan laifuffuka masu ɗaurin shekaru. A 2023 waɗanda suka mutu a titunansu 2,678 ne, a ƙasa mai mutum fiye da miliyan 120.

Ka ji mutanen da ba su karanta Alƙur'ani ba, ba su ji hadisi ba, amma hankali kaɗai ya kai su ga sanya wa abin da suka ƙera linzami. To mene ne aikin farko da mai sha'awar irin wannan mota yake biyan bakanike ya yi masa idan ta faɗo hannunsa? Cire linzamin! Daga nan sai a sauya tarbo da wanda ya fi girma, a sake tsara kwamfutar injin, a cire matatar hayaƙi, a sauya salansa da bututun da ke ƙara kamar igwa, a sauke motar ƙasa har ta kusa shafar kwalta. Injin da ya fito da ƙarfin doki 280 sai a kai shi 600, wasu har 1,000. An ninka ƙarfin inji, amma kwaltar tana nan da ramukanta, idon direba yana nan yadda Allah Ya halicce shi, ƙashin yaron da zai tsallaka titi kuma bai ƙara ƙwari ba.

YADDA CUTAR TA YAƊU

Wasan zamiya da mota a kan kwana ya faro ne a hanyoyin duwatsun Japan, inda samari ke fita cikin dare a ɓoye. Waɗanda suka tallata shi ga duniya kuwa su ne masu shirya finafinan Amurka, da fim ɗin The Fast and the Furious a 2001, da Tokyo Drift a 2006. A cikin fim mota takan wuntsula jarumi ya fito yana karkaɗe riga. A zahiri kuwa, Paul Walker, wanda shi ne fuskar waɗannan finafinai, ya mutu ranar 30 ga Nuwamba, 2013, a jihar Kalifoniya, yana zaune a gefen direba cikin wata Porsche da masu bincike suka ce tana gudun tsakanin kilomita 130 da 150 a sa'a, a titin da haddinsa bai kai 75 ba. Motar ta daki turken fitila da itatuwa ta kama da wuta, shi da direban babu wanda ya fita.

Wannan bai zama izina ba, sai ma ya ƙara wa kasuwar zafi. A 2021 an sayar da Supra ɗin da ta fito a fim na farko a kan dala 550,000 a Las Vegas. A 2023 an yi gwanjon Skyline R34 ɗin da ya tuƙa a wani fim ɗin a kan fiye da dala miliyan 1.3. Dokar Amurka ba ta barin a shigo da irin waɗannan motoci sai sun shekara 25 da ƙerawa, don haka da R34 ta cika sharaɗin a 2024 sai aka yi mata rubdugu, har tsohuwar mota da wani ya gama morewa take haura dala dubu ɗari sau da yawa. Kowa ya san ƙarfe ba ya ƙara daraja da tsufa. Suna ake saye, da kallon mutane.

Ƙasashen Musulmi ba su tsira ba. A ƙasar Saudiyya ana kiran abin tafhiɗi, kuma ya ci rayukan samari da 'yan kallo har sai da hukuma ta tsananta horo a 2016: tarar Riyal dubu 20 da tsare mota kwana 15 a karon farko, dubu 40 da kwana 30 a karo na biyu, dubu 60 a karo na uku tare da miƙa batun ƙwace motar ga kotu.

A ƙasarmu masu ainihin Skyline ko Supra 'yan ƙalilan ne, domin kuɗinsu ba na kowa ba ne. Sai dai cutar ta fi motar yaɗuwa. Wanda bai samu ba ya nemi tsohuwar Honda ko Lexus ko BMW, ya fasa salansa, ya manna takardu, ya fito ranar Sallah ko ranar rakiyar amarya yana juyi a shataletale, abokai na ɗauka da waya domin a watsa a TikTok da Instagram. Mazauna Abuja da Kano da Kaduna ba sa bukatar a kawo musu shaida a kan wannan.

HUKUNCIN ASALI

Kada wani ya yi mana ƙage cewa mun haramta mota ko mun haramta ado. A Suratun Nahli, aya ta 8, Allah Ya lissafa dawaki da alfadarai da jakuna cikin ni'imominSa, Ya nuna an yi su domin hawa da kuma ado, Ya rufe ayar da ishara zuwa ga wasu halittun da mutanen wancan zamani ba su sani ba, kuma malaman tafsiri na baya-bayan nan irin su Sheikh Abdurrahman as-Sa'adi sun shigar da motoci da jirage a ƙarƙashin wannan ishara. Ibnu Hibban ya ruwaito daga Sa'adu ɗan Abi Waƙƙas cewa Annabi (S.A.W.) ya ƙirga abin hawa mai daɗi cikin abubuwan jin daɗin duniya. Wanda Allah Ya buɗa wa ya sayi mota mai kyau da halalinsa, babu mai ce masa don me.

Amma akwai ma'aunin da Manzon Allah (S.A.W.) ya bar mana. Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira (R.A.) cewa ya kasa dawaki gida uku. Akwai wanda aka ɗaure domin ɗaukaka addinin Allah, wannan lada ne ga mai shi. Akwai wanda aka ɗaure domin biyan bukata da kame kai daga roƙo, ba a kuma manta haƙƙin Allah a cikinsa ba, wannan sutura ne. Akwai kuma wanda aka ɗaure domin alfahari da riya da gaba da Musulmi, wannan zunubi ne a wuyan mai shi. Doki ɗaya ne, niyya da aiki suka raba hukuncin.

To, ya ɗan'uwa, mu ɗora wannan mota a kan ma'aunin. Motar da aka sauke ta ƙasa har ba ta iya bin hanyar ƙauyen kakanninka, wadda ba ta ɗaukar iyali, ba ta kai mara lafiya asibiti, ba ta ɗaukar buhun hatsi, wadda aka cire mata salansa da gangan domin kada ta wuce ba a waiga ba, a wane gida za ka sanya ta daga cikin ukun? Ka amsa tsakaninka da Ubangijinka. Ka kuma tuna cewa a Suratul Ƙasasi, aya ta 79, abin da aka ambata game da Ƙaruna gab da halakarsa shi ne fitowarsa ga mutanensa cikin adonsa, har masu son duniya suka yi burin ina ma su ne.

MAS'ALAR DUKIYA

Allah Ya hana israfi a Suratul A'arafi, aya ta 31. A Suratul Isra'i, aya ta 26 da ta 27, Ya hana tabziri, Ya kuma danganta mubazzirai da shaiɗanu dangantakar 'yan'uwantaka. An karɓo daga Abdullahi ɗan Mas'ud (R.A.) cewa tabziri shi ne kashe dukiya a inda ba haƙƙinta ba. Idan ƙona tayoyi sababbi a cikin 'yan mintoci domin mutane su ga hayaƙi bai zama tabziri ba, to sai a gaya mana mene ne tabziri.

Mu yi lissafi. A 2024 dala ta haura Naira 1,500, a shekarar ne kuma aka ƙayyade mafi ƙarancin albashi a kan Naira 70,000 a wata. Motar dala dubu ɗari ke nan ta kama Naira miliyan 150 kafin kuɗin jirgi da na kwastan da na gyare-gyare. Ƙaramin ma'aikaci sai ya yi fiye da shekara 170 yana aiki, bai ci ba bai sha ba, kafin ya tara wannan. Kuma wannan yana faruwa ne a ƙasar da Hukumar Ƙididdiga ta bayyana a 2022 cewa mutum miliyan 133 suna cikin talauci mai fuskoki da yawa, miliyan 86 daga cikinsu a Arewa suke.

A Suratun Nisa'i, aya ta 5, Allah Ya hana a miƙa wa wawaye dukiya. Wawa a istilahin Fiƙihu shi ne wanda bai iya tasarrufi da dukiya ba, ko da yana da digiri. Jumhurun malamai, har da Imamu Malik, sun tafi a kan cewa alƙali yana da ikon yi wa irin wannan hajaru, wato hana shi taɓa dukiyarsa, ko da ya balaga. Uban da ya miƙa wa ɗan shekara ashirin makullin irin wannan mota ya saɓa wa ayar kai tsaye.

MAS'ALAR JINI

Wannan ta fi ta farko nauyi. Mota mai gudun kilomita 200 a sa'a tana cinye fiye da mita 55 a cikin daƙiƙa ɗaya. Idan aka ninka gudu sau biyu, nisan da birki ke bukata kafin mota ta tsaya yana ninkuwa sau huɗu. Wannan sunnar Allah ce a cikin halittarSa, ba ta san ɗan wane ba, ba ta kuma san ƙwarewa ba. Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana a rahotonta na 2023 cewa kimanin mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a haɗarin hanya kowace shekara, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Nijeriya ta ƙirga mutum 5,421 da suka mutu a titunanmu a 2024. Haddin gudun ƙaramar mota a dokar ƙasar nan kilomita 50 ne a cikin gari, 100 a babbar hanya. Ina za a kai ƙarfin doki 600?

Akwai ƙarin haɗari. Japan hannun hagu suke bi, sitiyarin motocinsu na gida a dama yake, kuma Skyline GT-R daga R32 zuwa R34 ba a ƙera su da sitiyarin hagu ba. Nijeriya ta koma bin hannun dama tun 1972, dokar hanya kuma ta hana yi wa mota mai sitiyarin dama rajista. Mai shigo da ita ɗayan biyu zai yi: ko ya bi ta bayan fage da cin hanci, wanda aka la'anci mai bayarwa da mai karɓa, ko ya kai ta gareji a yanke a mayar da sitiyari da birki da totur ɗaya gefen. Sa'an nan ya ɗora ransa da na jama'a a kan waldar wani da bai sani ba.

Bukhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Musa al-Ash'ari (R.A.) cewa Annabi (S.A.W.) ya umarci mai wucewa da kibau ta masallaci ko kasuwa ya riƙe tsininsu, domin kada ya yaƙushi wani Musulmi. Wannan fa kibiya ce a hannu, ba a harba ta ba. Yaya ƙarfe mai nauyin tan ɗaya da rabi da aka harba a tsakiyar jama'a? Abu Dawud ya ruwaito hanin firgita Musulmi ko da cikin wasa. A hadisin Abu Sa'idul Khudri kame cuta yana cikin haƙƙoƙin hanya. A ranar da aka sauko daga Arfa, da Manzon Allah (S.A.W.) ya ji mutane na tsananta wa raƙuma, ya umarce su da natsuwa, ya sanar da su cewa gaggawar tafiya ba ita ce aikin kirki ba. A Suratu Luƙmana kuma, aya ta 18 da ta 19, an haɗa hanin tafiyar taƙama da umarnin sassauta murya, aka misalta mafi munin sauti da kukan jaki. Mai biyan kuɗi domin motarsa ta tayar da jariri da mara lafiya da tsakar dare ya dubi abin da ya zaɓa ya yi kama da shi.

Ɗaliban Risala sun san cewa Ibnu Abi Zaidin Ƙairawani ya tabbatar da lamuni a kan mai hawan dabba da mai jan ta da mai kora ta, game da abin da ta taka. Majalisar Fiƙihu ta Ƙungiyar Ƙasashen Musulmi, a zamanta na takwas a ƙasar Burunai cikin Muharram 1414, daidai da Yuni 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya waɗanda ba su saɓa wa Shari'a ba wajibi ne, kuma haɗarin mota yana shiga ƙarƙashin hukunce-hukuncen jinayat. A mafi sauƙin hukunci, wanda ya kashe rai da mota ya yi kisan kuskure, kuma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i ta ɗora diyya da kaffara. Diyya raƙuma ɗari ce ko dinari dubu, wato kimanin giram 4,250 na zinare. Kaffara a yau azumin wata biyu ne a jere.

A nan muke jan kunnen masu al'adar nan ta zuwa gidan talakan da aka kashe wa ɗa da buhun shinkafa da 'yan kuɗin ta'aziyya, a kewaye shi da manya har ya ce ya yafe. Yafewar da kunya ko tsoro suka fitar ba ta halatta dukiya. Idan mamacin ya bar marayu ƙanana, babu wanda yake da ikon yafe kasonsu. Kaffara kuwa haƙƙin Allah ce, ba ta faɗuwa ko da magada duka sun yafe da zuciya ɗaya.

SHUBUHOHINSU DA AMSOSHINSU

Ta farko, suna cewa: “Kuɗina ne.” Tirmizi ya ruwaito cewa bawa ba zai gusa ba ranar Alƙiyama sai an tambaye shi game da dukiyarsa tambaya biyu, inda ya samo ta da inda ya kashe ta. Halaccin samu bai ɗauke tambaya ta biyu ba. Kuma ko mun sallama kuɗinka ne, titin ba naka ba ne.

Ta biyu, suna cewa: “Ai Annabi (S.A.W.) ya shirya tseren dawaki.” Gaskiya ne. Abdullahi ɗan Umar (R.A.) ya ruwaito cewa an yi tseren horarrun dawaki daga Hafya'u zuwa Saniyyatul Wada'i, waɗanda ba a horar ba kuma daga Saniyya zuwa masallacin Bani Zuraiƙ. Amma wannan tsere ne mai iyaka sananniya, ƙarƙashin kulawar shugaba, domin tanadin dawakin da za a kare al'umma da su. Wace iyakar Musulmi aka taɓa karewa da Supra? Malam Abdullahi na Gwandu, Allah Ya ji ƙansa, a cikin Tazyinul Waraƙat, ya koka da mutanen da suka biyo bayan jihadi waɗanda himmarsu ta koma ga tufafin ƙawa da dawakin sukuwa a cikin gari maimakon fagen fama, kuma ganin irin waɗannan halaye yana cikin abin da ya sa ya bar jama'a ya nufi gabas har ya yada zango a Kano. Da zai ga titunanmu ranar Sallah, me zai ce?

Ta uku, suna cewa: “Kowa da ajalinsa.” Wannan kalmar gaskiya ce da ake nufin ɓarna da ita. Sayyidina Umar (R.A.) ya fi mu imani da ƙaddara, amma da ya ji annoba ta ɓarke a Sham sai ya juya da jama'arsa, ya bayyana cewa barin sababin halaka shi ma ƙaddarar Allah ce. Suratul Baƙara, aya ta 195, ta hana mutum jefa kansa ga halaka. Kuma da ƙaddara hujja ce ga mai ganganci, da Allah bai wajabta diyya ba.

Ta huɗu, suna cewa: “Ilmin injiniya muke koya.” Da haka ne da mun fi kowa murna, domin koyon sana'ar da al'umma ke bukata farali ne na kifaya. Soichiro Honda yaron gareji ne kafin ya kafa kamfaninsa a 1948. Toyota ya tsaya da ƙafarsa a 1937 daga gidan masu ƙera injin saƙa. Waɗannan ƙerawa suka yi. Mu kuwa an buɗe mana masana'antar harhaɗa Peugeot a Kaduna tun 1975, har yau abin alfaharinmu shi ne wanda ya fi iya sayen kwancen wasu. Mai odar kayan gyara daga Dubai ya ba bakanike ya ɗaura masa sunansa mai saye. Mai son ilmin inji da gaske, ga injin ban-ruwan manoma, ga motocin asibiti da suka mutu a harabar ƙananan hukumomi, suna jiran sa.

Ta biyar, suna cewa: “To mu koma filin tsere na musamman.” Adalci ya sa mu ce wannan ya fi sauƙi, domin ya ɗauke cuta daga masu wucewa. Sai dai sauran tambayoyi suna nan: kasada da rai, da almubazzaranci, da caca, da tozarta salla, da cakuɗar maza da mata. Malamai su duba kowane hali da sharuɗɗansa. Amma kada a fake da filin da ba a je ba domin halatta abin da ake yi a bakin kasuwa.

Ta shida, wasu iyaye kan ce: “Gara wannan da shaye-shaye.” Wa ya gaya muku Musulunci ya bar wa ɗanku zaɓi biyu kawai, ya kashe hankalinsa ko ya kashe ɗan maƙwabci?

KIRA GA WAƊANDA ABIN YA SHAFA

Ya ku iyaye, kowannenku makiyayi ne kuma abin tambaya ne game da kiwonsa. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Wanda ya sayi motar, ya biya kuɗin cire linzaminta, ya kuma buga waya aka saki ɗansa a ofishin 'yan sanda, to yana da kaso a cikin jinin da za a zubar gobe.

Ya ku malamai da masu wa'azi, a nan ne maganar ta fi ɗaci. Wannan da'awa ta yi suna wajen yaƙar almubazzarancin bukukuwa da bidi'o'in talakawa, ba ta jin tsoron zargin mai zargi. Me ya sa harshe yake nauyi idan mai laifin ɗan wanda ya gina masallacin ne, ko ya sayi lasifika, ko ya biya kujerar Umra? Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Annabi (S.A.W.) ya bayyana cewa abin da ya halaka al'ummomin da suka gabata shi ne ƙyale mai daraja idan ya yi laifi da hukunta mai rauni. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai bayarwa domin Allah ba zai janye hannunsa ba don an gaya masa gaskiya game da ɗansa, wanda ya janye kuwa ya nuna domin wa yake bayarwa.

Ya ku makanikai, sana'arku mai albarka ce, amma aya ta 2 ta Suratul Ma'ida ta hana taimakekeniya a kan saɓo da ƙetare haddi. Idan ka san abin da za a yi da motar, kada ka fasa salansar, kada ka cire na'urar. Abin da ka bari domin Allah, Allah zai musanya maka da mafi alheri.

Ya ku 'yan kallo, ku ne man da wannan wuta ke ci. Babu mai ƙona taya a inda babu mai gani. Kada ku tsaya, kada ku ɗauka, kada ku watsa. Waliyyan amare kuma su sanya sharaɗi tun ranar sa rana cewa babu wasan mota a rakiyar 'yarsu.

Ya ku mahukunta, doka tana nan a rubuce. Abin da ake jira shi ne ranar da za a zartar da ita a kan ɗan babban mutum kamar yadda ake zartar da ita a kan ɗan acaɓa.

Kai kuma ya ƙanena matashi, ba ƙiyayya ce ta sa muka rubuta wannan ba. Ƙarfin zuciyar da ke sa ka taka totur ni'ima ce da al'ummarka ke matuƙar bukata a wurin da ya dace. Usamatu ɗan Zaid (R.A.) bai kai shekara ashirin ba aka ɗora shi a kan rundunar da manyan sahabbai suke ciki. Ƙofar tuba a buɗe take. Ka mayar wa motar salansarta da linzaminta, ko ka sayar da ita ka yi jari. Idan akwai jini a wuyanka, ka nemi magada ka biya su, ka fara azuminka tun kana da lafiya. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho.

Allah Ya nuna mana gaskiya Ya ba mu ikon bin ta, Ya nuna mana ƙarya Ya ba mu ikon guje mata. Allah Ya shiryi zuriyarmu, Ya tsare hannuwanmu daga jinin bayinSa, Ya sanya abin hawanmu ya zama sutura da lada a gare mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.